Makunnin da Ba a Kashe Ba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
A shaida, a kuma sanar da na gabas da na yamma: ni Abdulhakim, masassaƙin Limawa, ma'abocin karance-karance, daga yau ba zan ƙara tsayawa gaban injin juya itace ba sai da kiɗan goge a kunnuwana. Na sayi 'yan na'urorin nan da ake cusawa a kunne. Masu hikimar da suka gabata sun ce taurari ma da kari suke tafiya, to ina ga ƙafar gado?

Ƙanena Muntaka, wanda muke shagon tare, bai yaba ba. Wai, "Yaya, na yi ta kira har maƙogwarona ya bushe." Na ce masa haka ake gane natsuwa.

Laraba, 8 ga Mayu
Mai kalangun cikin waƙar ya ƙara wuta, hannuna ya bi shi. Ƙafar gadon ta fito kamar ƙaurin balbela. Laifin itacen ne.

Alhamis, 9 ga Mayu
Muntaka ya ce shi da kunne yake gane itace mai tsaga. Na yi masa uzuri.

Asabar, 11 ga Mayu
Wannan kam dole sai na rubuta.

Ina cikin murza taɓaryar ƙirya aka ɗauke wuta. Ƙa'idar shagonmu tun zamanin Baba ita ce, in wuta ta tafi, a kashe makunnin inji kafin a ɗaga ƙafa. Inji ya tsaya, waƙar ba ta tsaya ba, kuma ta zo daidai wurin da nake so. Na fita gindin darbejiya ina kaɗa kai. Ban kashe ba.

Muntaka ya shiga ya ɗaure taɓaryar da kyau. Aka kawo wuta. Injin ya fizgi hannun rigarsa, ya haɗa da yatsu.

An ce ya yi ihu. An ce. Ni dai Modibbo mai shayi na gani ya wuce ni a guje, shi ya kashe. Da ya fito sai ya zare mini abin daga kunne, ya ce, "Malam, ɗan'uwanka ne fa!"

Lahadi, 12 ga Mayu
Asibiti. Likita ya ce babban yatsa da manuni ne, ko za su tsira ba zai yanke hukunci ba sai Talata. Hannun dama. Masassaƙi.

Matarsa Bilki ta gaishe ni a durƙushe kamar kullum, ta miƙo ruwa. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Muntaka ya buɗe ido ya ce, "Yaya, waƙar dai ta yi daɗi ko?" Na nemi amsa a duk abin da na taɓa karantawa. Babu.

Litinin, 13 ga Mayu
Ban buɗe shago ba.

Talata, 14 ga Mayu
Ba za a yanke ba. Alhamdulillahi. Ko zai iya riƙe ƙarfen sassaƙa kuwa, likita ya ce sai lokaci ya nuna.

Juma'a, 24 ga Mayu
Na koma aiki. Na'urorin suna gida, don kawai kunnena na ƙaiƙayi, kada wani ya yi wata fassara. Muntaka na zaune kan benci, hannu a naɗe. Da hantsi ina murza akushi na ji sautin ya sake, wani siririn ƙas-ƙas. Na kashe, na duba: tsaga. Muntaka ya kau da kai.

Sai dai bayan haka an kama ni ina ɗan rera waƙa ta hanci, inji na gudu. Kotu ta zauna, ni ne alƙali, ni ne mai laifi, ba ɗaukaka ƙara. An ci ni tarar goro ɗaya, fari, a biya Muntaka nan take. Kuma ni zan ɓara masa, tunda yatsun ba su fara lanƙwasawa ba.