Littafin da Nake Buɗewa ta Dama

Ɗana Nasiru,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, yaya jikinka, yaya aiki, yaya mutanen Kwatano? Mu nan Bagudo lafiya lau, sai kewa.

Littafin zanen da ka aiko ta garin Dole Kaina ya iso. Da Faransanci yake, ni kuwa ko boko a aji uku muka rabu ba faɗa, sai na bi hotuna. Duk mafarkai ne masu ban tsoro, har na ɓoye shi kada liman ya ce tsafi na koma da tsufana. Ta dama na buɗe, yadda muka saba da littattafan malamai. Sai ga wata mata ta fito kabari, ta warke, ta dawo gida wurin mijinta. Na yi ta murna kamar wawa.

Yayarka Hadiza ta leƙo ta ce, "Baba, ai daga ƙarshe ka fara. Mutuwa ta yi."

Na ce, "Ke wa ya tambaye ki?" Muka yi dariya.

Har yau ban gyara ba, ta dama nake buɗe shi. Ka gaida maigidanka. Ka sa innarku a addu'a, ni kuma ka roƙa mini Allah ya nuna mini ita ko a mafarki, tun rasuwarta ban gan ta ba.

Mahaifinka,
Umaru