Ruwa a Murfin Gora

Litinin, 4 ga Maris
Jaririn Yaya yana asibiti, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar fanka. Mijinta ya dage a yi masa baftisma yau-yau, wai a cocinsu kowa da zunubin Adamu ake haihuwarsa. Baba ya ce a namu sai mutum ya yi hankali ya amsa da bakinsa. Na tambayi mijin Yaya wane zunubi yaron ya yi, satar nono? Mama ta harare ni.

Laraba, 6 ga Maris
A shagon gyaran fanka ina naɗin koyil, littafin tauhidin da na tsinta wurin mai tsofaffin littattafai a kan cinyata. A ciki wasu sun ce zunubi ya ƙone hankalin mutum ƙurmus, sai alheri ya sake naɗa shi. Wasu sun ce rauni kawai ya yi, in an ɗan tura shi zai juya. Ina bayan na biyun, in ba haka ba karatun da na koya wa kaina na mene ne? Amma in nawa a ƙone yake, da me zan gane? Maigida ya ce in rufe baki in ɗaure waya.

Alhamis, 7 ga Maris
Na zagi wani da ya kawo gyara. Tun kafin in buɗe baki na san ba daidai ba ne. Sanin bai hana ni ba. To, wannan fa?

Asabar, 9 ga Maris
Da rana leɓen yaron ya yi baƙi. Mijin Yaya ya tafi ɗauko fada, limamin cocinsu, shiru. Yaya ta ce a wurinsu in rai na hannun Allah kowa na iya yin baftismar, ita kuma ba ta san kalmomin ba.
"Auta, kai ka karanta, ka san kalmomin."
Na ce ni fa ban yarda da abin ba.
"Ba yardarka nake roƙo ba. Hannunka."
Na tsiyaya ruwa a murfin gora, na zuba masa a ka. Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Ya yamutsa fuska, kamar ni in ana min wa'azi.

Talata, 12 ga Maris
Ya kama nono. Nas ta ce allurar ce ta yi aiki, na kuma yarda. Baba bai san da baftismar ba tukuna.
Abin da ke cina: yaron bai roƙa ba, bai gane ba, bai ma gode ba, aka ba shi.
Murfin na aljihuna. Mantawa na yi ban yar ba.