Damin Da Ka Hana a Kai Gidan Maikano

Birnin Kudu, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan lafiya lau, sai dai ran da ka ɓata mana. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya kana katse ni kafin in kai aya.

Ka san gobarar da ta tashi a gidanmu na Sara ta cinye rumbuna biyu da ɗakin Bara'atu, matar ɗan'uwanmu marigayi Jafaru. Abin da ba ka gani ba shi ne hannun 'yarsu Khuzaima, wanda ya ƙone garin ciro ƙanenta. Ni na gani. Gero da dawar shekara guda sun zama toka, marayu huɗu suna kwana a zaure. Mahaifin Bara'atu ya zo daga Farin Dutse, ya ce in har ranar Juma'a babu rufi babu hatsi, zai kwashe 'yarsa da jikokinsa.

Mutanen gari kuwa ba su yi barci ba. Kwamitin masallacin Juma'a da ƙungiyar manoma da matan da ke adashen sana'a sun zauna wuri ɗaya da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, suka raba aiki don kada a yi ta kawo tabarma alhali babu tuwo. Manoma suka ce kowane gida zai fitar da dami ɗaya, masallaci ya ɗauki nauyin kwanon rufi da katako, mata suka haɗa tukwane da sutura, ma'aikaciyar ta tsaya a kan maganin yarinya. Samari har sun sa ranar gayyar gini. Amma ka san al'adarsu, ba sa shiga gidan da ba maigida sai da yardar babba a dangin. Shi ya sa Malam Muhammad Auwal, shugaban kwamitin, ya kira ka. Girmama ka ya yi, kai kuma ka watsa masa ƙasa a ido.

Ya faɗa mini da bakinsa, kansa a sunkuye. Wai ka ce gidan Babanmu Maikano shi ke ba da dami, ba a kai masa, kuma duk wanda ya sauke hatsi a ƙofar gidan ya zagi kabarin Baba. To, Yaya, girman kai rawanin tsiya. Shekara nawa rabonka da Sara? Ka san ma ta wace kusurwa zauren yake yoyo? Baban da kake fakewa da sunansa, shekarar da fari ya kama mu, damin maƙwabta ya ci, muka ci tare da shi, har da kai, kuma ban ga ka tsame hannu daga akushi ba. Ya ba mutane don ya san wata rana zai karɓa. Dammunan nan da ka kira wulaƙanci, nasa ne suke dawowa gida.

Na roƙi Malam su kai kawai, ya ce ba za su tsallake maganar babba ba, kada a ce sun raba zumunci. Yanzu hatsin yana jibge a zauren mai unguwa, kaji suna tsattsaga, yara kuma suna wucewa ta gabansa da yunwa. Bara'atu kunyarka take ji. Ni ba na jin ta. Na ji haushinka ƙwarai, kuma ban taɓa zaton zan ji kunyar a ce kai yayana ne ba sai a wannan makon.

Ka kira Malam kafin Alhamis ka janye maganarka. Ba sai ka ba ni haƙuri ba. In kuwa ka ƙi, ranar Asabar zan je in rufe gidan da hannuna, in ba direban motar Fatakwal mukulli ya kawo maka, ka adana martabar gidan a aljihunka tunda babu kowa a ciki.

Ka gaida Murja da Hafiz da Sadiqa. Maigidana Zulkifli yana gaisuwa. Khuzaima ma ta ce lallai in gaida Baffanta, wai ta san yana hanya. Ban gaya mata komai ba tukuna.

Ƙanwarka,
Kubra