Karen da Ya Dace da Yara

Lahadi, 20 ga Agusta

Da-som ta sake tayar da maganar kare. Tun da ta ga na maƙwabtanmu a cikin lif ba ta da wata waƙa sai wannan, har da shinkafa a baki. Shekararta biyar, naci kuwa na ubanta ne sak.

Shi kuma Tae-gon, mijin nawa, abin nema ya samu. Wuni ya yi da waya a hannu yana karanto min irin karnukan da suka dace da yara. Wai fudul ba ya zubar da gashi, ga hankali. Maltis ƙarami ne amma akwai haushi, mutanen hawan ƙasa za su kai mu ƙara. Ritiriba ya fi kowa haƙuri da yara, amma a wannan ɗan gidan benen namu na Daejeon sai dai mu fita mu bar masa. Yana yi yana dariya. Na ce to, madalla.

Bai ambaci Gamja ba. Ni ma ban ambata ba.

Gamja nawa. Ruwa biyu ne, rabinsa jindo, irin karen farautar ƙasarmu, rabin Allah kaɗai ya sani. Ja-ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Tun ina budurwa na tsince shi a bayan kasuwar kifi, muka yi zaman ɗaki ɗaya da shi kafin Tae-gon ya san da ni a duniya. Da na haifi Da-som na tafi gidan jego na mako biyu kamar kowa, ana ɗura min miyar ganyen teku safe da yamma. Na dawo na tarar babu shi. Wai an kai shi ƙauye wurin Baffa Pil-su, yayan mahaifin Tae-gon, har jaririya ta yi ƙwari. Na ɗan lokaci ne, ƙauye ya fi masa fili. Haka Tae-gon ya ce min. Kafin ta fara rarrafe ya dawo daga aiki wata rana ya ce mota ta buge shi, Baffa ya binne shi. Na yi kuka har ruwan nonona ya ɗauke.

Ban san me ya kai ni tono wannan ba. Ya wuce.

Laraba, 23 ga Agusta

Surukata ta bugo. Ta ji labari. Ta ce fudul ɗin ya yi, gashinsa ba zai shiga huhun yarinya ba, ba kamar wancan jindon nawa mai ubangiji ɗaya ba. Na ce haka ne, Mama. Mataccen kare ma ba za a bar shi ya huta ba.

Asabar, 26 ga Agusta

Mun je wurin wata mata mai kiwon fudul a bayan gari. Ba laifi, mace ce mai tsafta, kuma ba ta cika mu da surutu ba. Ta ce ba a zaɓar wa yaro kare da kyan fuska. Ta ɗauko wani ɗan kwikwiyo mai launin ruwan ƙasa, ta kwantar da shi rigingine, ta ja kunnensa a hankali, sannan ta zuba masa abinci ta cusa hannu cikin kwanon yana ci. Ko leɓe bai ɗaga ba, lasar yatsunta ma ya yi. Ta ce wa Da-som ta gwada. Ta gwada, ta ƙyalƙyale da dariya, nan take ta raɗa masa suna Mandu.

Sai bayan Chuseok, bikin kaka, za a yaye shi mu ɗauka. Na yarda. Gaskiya ya shiga raina, sai na ji kamar na ci amanar wani.

Talata, 5 ga Satumba

Tae-gon ya gurɗe ƙafa a hawan dutse da mutanen ofis. Ga shi ran Asabar ne yankan ciyawar kaburburan kakanni, wanda yake zuwa ƙauye shi kaɗai duk shekara kafin Chuseok. Uwarsa ta ce ko da rarrafe sai ya je, ba za a ce ɗanta ne bai zo ba. Na ce zan tuƙa shi. Sai ya hau kame-kame: hanya da nisa, zan gaji, zai hau bas. Da sanda? Mutumin da ko shago ba ya zuwa a ƙafa. Na ce magana ta ƙare, Umma, mahaifiyata, za ta riƙe Da-som.

Asabar, 9 ga Satumba

Dole in rubuta wannan.

Tun a hanya ya ce in sauke shi a mararraba in jira a shagon kofi na cikin gari. Na ƙi. Da muka isa ƙofar gidan Baffa ya ce in zauna a mota, yanzu za su hau dutsen da kaburburan suke. Kafin in ba shi amsa matar Baffa ta fito tana goge hannu a zani, ta buɗe ƙofar motar da kanta.

"Yau wace rana! Maman Da-som da ƙafarta? Sai yau kika tuna da karenki ko? Ya tsufa fa, kunnen ma ya yi nauyi."

Na ɗauka ruɗewar tsufa ce. Na yi murmushi. Ta ja hannuna muka zagaya bayan rumfar da ake shanya barkono.

Wata tsohuwar durom ce ta roba a kwance, da sarƙa wadda ba ta kai tsawon hannuwana biyu ba. Ƙasar wurin ta zama fili fetal, zagaye guda, iyakar inda sarƙar ke kaiwa. Ya fito. Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Bakinsa ya yi furfura.

Bai yi haushi ba. Ya tsaya yana shinshina iska, sai ya saki wani kuka da ban taɓa jin kare ya yi ba, ya zaburo, sarƙar ta fizge shi ya faɗi, ya tashi ya sake zaburowa. Har fitsari ya sake. Ni dai na tsinci kaina durƙushe cikin ƙasa da kansa a ƙirjina. Wuyansa babu gashi, duk kanta.

Matar Baffa tana ta zuba, ita ba ta san komai ba. Wai Tae-gon yaron kirki ne, duk shekara sai ya zo masa da buhun abinci da maganin tsutsa. Duk shekara! Na waiwaya. Yana tsaye da sandarsa a bakin rumfa, fuska kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Rana dubu ta ɓarawo.

Na tuƙo mu gida.

Lahadi, 10 ga Satumba

Shekara biyar ina yi wa mai rai makoki.

Talata, 12 ga Satumba

Yau ya yi magana, bayan na kai Da-som makaranta. Ya ƙi fita aiki, ya tsare ni a kicin.

Wai yana tsakiya ne. Ni kullum ina tambayar yaushe za a dawo da kare, uwarsa kuma ta rantse in jindo ya shiga gidan da jikarta take ba za ta ƙara takowa ba. "Sai na ce gara ki yi kuka sau ɗaya ki huta, Maman Da-som. Don ke na yi."

Don ni. Ka ji fa. Shi ne ya riƙe ni ina kuka a lokacin, yana bubbuga bayana, har ya sayo furanni. Kuma bai ji kunya ba ya zauna yana karanto min karen da ya fi aminci.

Na tambaye shi wa da wa suka sani. Uwarsa, wannan ba sai an faɗa ba. Ƙanwarsa. Sai ya hau kallon tukunyar shinkafa. Na ce faɗi. Ya ce har Umma.

Laraba, 13 ga Satumba

Na je na sami Umma tana yanka kabeji. Ko musu ba ta yi ba, ko wuƙar ba ta ajiye ba. Ta ce an tambaye ta ta ce a yi. "Jindo ba ya yarda a raba masa mai shi, kowa ya sani. Ga jikata ga kare, wa kike so in zaɓa?"

Na ce Gamja bai taɓa cizon ko ƙuda ba. Ta ce ai bai taɓa ganin kin rungumi wani ba shi ba.

Na fito na bar mata kimci, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji da ta ɗaure min. Na uwar miji ban yi mamaki ba. Amma wadda ta haife ni ta zauna a bakin gadona tana share min hawaye, tana cewa Allah ya sa ya huta. Bakinsu ɗaya, duka, sun mai da ni yarinyar da ake ɓoye wa ashana. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san inda zan ajiye shi ba.

Juma'a, 29 ga Satumba

Chuseok a gidan surukata. Na yi suya tun safe har bayana ya ƙage, na rusuna wa kakanninsu, na yi duk abin da ake yi. Da aka zauna cin abinci na faɗa a gaban kowa cewa mako mai zuwa zan ɗauko Gamja, kuma an fasa fudul.

Surukata ta ajiye tsinken cin abincinta. Ta kalli ɗanta. Ɗan nata ya dasa ido a kwanonsa. Ta ce, "Yarinyar dai taki ce." Na ce ai shi ya sa, Mama.

Da-som ta sha kuka a mota saboda Mandu. Na ce mata Gamja ya fi Mandu goma, shi ya san mamanki tun kafin babanki. Zan nuna musu. Duka zan nuna musu.

Asabar, 7 ga Oktoba

Ni da Da-som kaɗai muka je.

Da farko komai lafiya. Na kwance sarƙar, na yi masa wanka da ruwan ɗumi, ruwan ya fito baƙi ƙirin. Muka zaga gonar barkono, yana tafiya jikinsa manne da ƙafata kamar da. Da-som ta shafa bayansa, ya ƙyale ta. Bai kaɗa mata jela ba, amma ya ƙyale ta. Na ce a raina ina ma suna nan su gani.

Na zuba masa abinci don ya ci kafin hanya, na juya zan shimfiɗa bargo a bayan mota. Taku kaɗan ne. Ashe Da-som ta tuna abin da matar nan mai fudul ta koya mata. Ta durƙusa ta cusa hannu cikin kwanon.

Gurnanin na fara ji. Na waiwaya na ga leɓensa a sama, haƙora a waje, sai ƙas! ya datse iska dab da wuyan hannunta. Ban san lokacin da na fizgo ta ba. Ta fasa ihu. Bai taɓa ta ba. Na duba hannun gaba da baya, bai taɓa ta ba.

Shi kuwa ya kwanta, ya sa haɓa a ƙasa yana kallona.

Baffa yana zaune a bakin ƙofa, ya ga komai. Can ya ce, "Kada ki ga laifinsa, 'yata. Wanda ya daɗe a sarƙa, kwanonsa kaɗai ya mallaka."

Na sani. Su suka mai da shi haka, ba haka na bar shi ba. Ko kuwa haka yake dama ban sani ba? Wa zai faɗa min yanzu?

Ni na mayar masa da sarƙar. Baffa ya miƙo hannu zai yi, na ce a'a. Da hannuna na maƙala ta. Yana lasar yatsuna ina maƙalawa.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Shatin yatsu huɗu a damtsen Da-som, sun yi shuɗi. Nawa ne. Tae-gon ya gani wurin wanka, ta ba shi labari tas. Na shirya masa, ina jiran ya ce ai dama an faɗa miki, in samu inda zan sauke. Ya shafa mata magani ya sa mata riga. Bai ce komai ba. Da ya faɗa da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Umma ta kira sau biyu. Ban ɗauka ba. Don ta yi gaskiya a rabi ba shi ya ba ta damar yi min ƙarya ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Jiya mun je mu uku. Tae-gon da ɗingishinsa, shi da Baffa suka kewaye bayan rumfar da waya tun daga bishiyar kanya har bakin rijiya. Ban roƙe shi ba. Ban kuma gode masa ba. Na dai miƙa masa ruwa, saboda rana.

An cire sarƙar, na jefa ta cikin tarkacen ƙarfe. Gamja ya zaga filin sau ɗaya, ya dawo ya kwanta cikin tsohon zagayensa, daidai inda ciyawa ba ta fitowa. Na zauna wurinsa har yamma. Da-som tana daga bayan waya tana yi masa waƙa. Na ce kada ta shigo, ba ta shigo ba. Zan riƙa zuwa duk Asabar, na gaya masa a kunnen da ke tsaye.

A hanyar dawowa ta tambaya daga kujerar baya, Mama yaushe Gamja zai zo gidanmu?

Na ce, "Na ɗan lokaci ne. Ƙauye ya fi masa fili."

Sai da ta fita daga bakina na ji ta. Tae-gon bai kalle ni ba, ya dai ƙara riƙe ƙafarsa mai ciwo, ya juya fuska wajen taga. Ni ma na kalli hanya.

Ban yafe ba. Kada ma wani ya ɗauka na yafe.

Matar nan mai fudul ta ce Mandu yana nan, ba a ɗauke shi ba tukuna. Tambaya kawai na yi.