Gaurakan da Ka Aika wa Zainabu

Assalamu alaikum, Yaya Isa.

Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya Kano, yaya ƙafar taka? Mu nan Gadarif ta Sudan alhamdu lillahi, an gama yankan riɗi a Simsim.

Wasiƙunka biyu sun iso rana ɗaya, tawa da ta ƙanwarmu Zainabu. A ambulan ɗinta ka manna kan sarki mai hoton gauraka, da tukkunsa kamar zinariya. A nawa kuwa wani ɗan toka-toka mai hoton gini, shi ma a karkace.

Yaya, gwangwanin shayin da Baba yake tara kan sarki a ciki, a hannun wa yake? Wa ke tsayawa a busta, gidan wayarmu na nan, ta ɗauki wannan ta ajiye wancan domin kai, har na bayanta su fara tsaki? Zainabu ko kallon tsuntsun ba ta yi ba. Kafin na miƙa hannu ta yage shi ta wuya, ta hura gawayin gahawa da shi. Da na yi magana, sai ta ce, "Ya Hauwa, takarda ce fa."

Jiya na je busta da niyyar zaɓa maka mafi muni. Na kasa. Raƙumin nan da na manna maka a ambulan shi ya fi duka kyau.

Ka gaishe da kowa, ku sa mu a addu'a. In za ka amsa, ka tuna wacece take kallon ambulan kafin ta buɗe.

Ƙanwarka,
Hauwa