Ɓerayen Sito da Makullin Labbo

Gesse, Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.
12 ga Disamba, 1982.

Zuwa ga Yaya Hodi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa kwas ɗin da ya kai ka ƙasar waje yana tafiya daidai, ya kuma maido mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna Kulu ta yi sauƙi, har tana fita barka. Sakinatu da yara suna lafiya. An gama yankan shinkafa a Argungu, bana fadama ta yi albarka.

Yaya, zancen motarka da ka bari a hannun Kawu Dikko ne ya sa na rubuto, amma ba don motar ba, don Labbo direba. Tun watan jiya ake wayar gari a tarar da ita ta durƙusa ta baya. Sai Kawu ya kira abokinsa Maliki, wanda ke kiran kansa Injiniya don yana da guduma biyu da rumfa a bakin tasha. Mutumin nan ko durƙusawa bai yi ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya harbi taya, ya buɗe but ɗin kaya na baya ya sunsuna, ya ce ya ji warin albasa, saboda haka Labbo na satar fita da ita yana wa 'yan Augie dakon buhunan albasa, nauyi ne ya kashe sufirin, ƙarafan da ke ɗaukar nauyin mota. Motar da ba ta da sufirin ko ɗaya! A ƙasar nan ina motar da ba ta warin albasa? A kan wannan hancin Kawu ya karɓe makulli daga hannun Labbo a gaban jama'a, mutumin da ya yi wa marigayi Baba tuƙi shekara goma sha ɗaya.

Na nemi izini a wurin aiki na je gidan Kawu na kwana uku. Ka san motar a kan jakunkunan roba huɗu take zaune, famfo na hura masu iska ta cikin tiyo. Na tayar da ita, cikin minti huɗu ta miƙe tsaf, ka ga ke nan famfo lafiya yake. Na kashe ta da ƙarfe biyar na yamma, na auna daga ƙasa zuwa bakin kowace taya. Da bakwai na safe uku ba su motsa ba, ta baya ta hagu ta sauka santimita goma sha ɗaya. Sau uku na maimaita, don tsoro nake kada in tsaya gaban manya da kuskure. Na kuma duba mita: kilomita ɗari huɗu da goma sha biyu kacal ta yi tun tafiyarka, kuma kai Inna asibiti ya cinye mafi yawansu.

Daga nan na kaɗa ruwan sabulu na shiga ƙarƙashinta na shafa wa jakar. Da nauyi ne ya yi ɓarna, a nan za a gani. Ko ɗigon kumfa babu. Sai da na bi tiyon sama kamar taƙi biyu, na ga kumfa na tasowa. Na haska tocila, ga sawun haƙora, ga kashin ɓera. Kawu ne da kansa ya sa aka ɗauke motar daga rumfa aka kai ta siton shinkafa, wai kada rana ta cinye fenti, aka jibge buhuna har jikinta. Labbo ya ce masa ba a ajiye mota da ɓeraye, Kawu ya ce direba ba shi da baki a sha'anin gida.

Na kira su duka na nuna masu. Ka san abin da Injiniya ya ce? Wai ai sabulu dama kumfa yake yi. Kawu ya yi dariya har da tafa masa, ya ce an kai yaro makaranta shekara huɗu ya koyo wanki. Maliki ya ƙara da cewa a ba shi ita ya yanke robobin ya liƙa mata sufirin tsohuwar a-kori-kura. Na canja tiyon, kwana shida ke nan tana tsaye, ko rabin santimita ba ta sauka ba. Yanzu Maliki na yawo yana cewa dama ya san tiyo ne. Kawu kuwa ya fi son a ci gaba da kiran Labbo maci amana da a ce shi ya kai mota gidan ɓeraye.

Labbo bai roƙi kowa ba. Ya dai ce mini idan wata ya ƙare ba a wanke shi ba, zai kwashe iyalinsa ya bar garin, don ba zai iya shiga sahun salla ana nuna shi da baki ba. Ni Kawu ba ya jin tawa, amma motar taka ce. Don Allah ka rubuto masa da kanka a mayar wa Labbo makulli, a ƙofar gidan da aka karɓe shi, a gaban mutanen da suka gani. Wasiƙarka ta ƙarshe kwana tara ta yi a hanya, saboda haka ka rubuta ranar da wannan ta iso.

Inna Kulu na sa maka albarka. Sakinatu da yara, Balaraba da Riskuwa, suna gaishe ka. Labbo ma ya ce a gaishe ka. Guntun tiyon yana cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a takarda. Huji biyar na ƙirga. Ka ƙirga da kanka kafin ka ɗauki biro.

Ƙaninka,
Abdussamadu.