Jan Zaren Inna

Zuwa ga amaryata, jikata ta ɗakin bincike,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki? Kin ce in riƙa kiranki a waya. To, ban je makarantar dare da furfura a kaina don in bar biro ya bushe ba.

Maganar Inna ce, kakarki. Likita ya tabbatar ciwon bayan nan nata sankarar ɓargo ce, ya ba ta ƙwayoyi. Kullum ina miƙa mata da ruwa, ta ce ta sha. Jiya ina neman allura a gwangwanin maɓallanta, sai ga ƙwayoyin a kwance cikin maɓallai. Ta ce da kunnenta ta ji likita ya ce maganin yana sa jiki ya lalata wasu abubuwansa. "Ni da ban taɓa zubar da murfin kwalba ba," in ji ta, "yanzu za a sa in zubar da abin da Allah ya ajiye mini a ciki? Malam, ku bar ni da kayana."

Kin san ɗakin ajiyarta, ko kyanwa sai ta karkace take shiga. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta juya mini baya. Tashi daga kujera ma yanzu sai na kama ta. An ce wannan ne fannin karatunki. Ki taimaki tsohon mijinki.

Naki har kullum,
Kakanki

*

Zuwa ga angona mai sanda,

Gaisuwa da girmamawa. Na yi kuka da na karanta wasiƙarka, sai maɓallan suka ba ni dariya. Ka karanta wa Inna wannan a hankali, ban da ƙarin gishirinka.

Inna, jikinmu an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani. Kowane ɗaki cike yake da kayan aiki da ake kira furotin, kuma suna tsufa, suna lalacewa. Akwai masu zagayawa, sunansu ligas. Idan suka ga kayan da aikinsa ya ƙare, sai su maƙala masa wata 'yar alama mai suna yubikwitin, kamar a ɗaura jan zare. Duk abin da ya sha zare, injin niƙa na ɗakin zai karɓe shi. A wasu cututtukan sankara masu zaren ne ke rikicewa: su ɗaura wa kayan da ke gadin lafiyar ɗakin, ko su ƙyale mai ɓarna. A kan wannan nake bincike.

Maganinki yana kama hannun ɗaya daga cikin masu zaren, ya nuna masa kayan da sankarar ke rayuwa da su, ya ce ɗaura nan.

Ga abin da likita bai samu lokacin faɗa miki ba: ba zubarwa ake yi ba. Abin da aka niƙa, da shi jiki ke ƙera sabo. Kin tuna tukwanenki da suka huje, da kika kai wa maƙeri ya narka ya zubo miki babbar nan ta suna? Haka ne.

Ban ce zai warkar da ke sarai ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma yana iya danne ciwon. Kaka, ka gaya wa likita gaskiya cewa ba ta sha ba, kada ya zaci maganin ne ya gaza.

Taku,
Amarya

*

Zuwa ga amaryata mai albarka,

Ina gaishe ki, ina kuma sa miki albarka har biro ya gaji. Na yi shiru ne don ina jiran abin da zan faɗa.

Ranar da na karanta mata, da na zo kan tukwane sai ta tsayar da ni. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Ashe narkawa ake yi. To me ya hana likitan ya faɗa da baki? Miƙo gwangwanin." Na ce a'a, waɗannan sun kwana da maɓallai. Muka koma asibiti na faɗi gaskiya, likita ya yi mana faɗa, ya ba da sababbi. Yanzu a gabana take haɗiya, har ta buɗe baki in duba, tana hararata.

Ta sha jiri da kasala, wani makon har na tsorata. Amma yau aka ba mu sakamakon gwajin jini. Likita ya ce abin ya ja baya sosai, za a ci gaba da lura. Da ƙafarta ta fito har bakin titi, ni ne ma nake cewa ta jira ni.

Lokacin da kika zaɓi karatun abin da ido ba ya gani, na ce wa babanki ɓata lokaci ne. Allah ya yi miki albarka da ba ki saurare ni ba.

Naki mai godiya,
Kakanki

*

Amarya,

Gaisuwa a gurguje. Inna ta sayi jan zare ta shiga ɗakin ajiya. Duk abin ƙarfen da ya mutu ta ɗaura masa, maƙeri zai zo da amalanke. Da na farka daga barcin rana na tarar da zaren a hulata. Na tambaye ta, ta ce kada in damu, ba zubarwa ake yi ba.

Ki zo da wuri kafin amalanken ya iso.

Kakanki